Ka Tafi, Bashar, Amma Ka Fara Sallamar Malam Isiyaku

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Daga mahaifinka Mu'azu, a nan Wurno, zuwa ga ɗana Bashar.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa wagga takarda ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan aikinka da mai horar da ku, Malam Isiyaku. Allah Ya tsare ka a hawa da gangare, Ya kiyaye ka daga motar da ba ta gan ka ba da ramin da ba ka hango ba. Mu nan lafiya lau muke. Innarka tana gaishe ka, matarka Asma'u ma haka. Ba labarin gida ya sa na ɗauki alƙalami ba, don haka ba zan tsaya a kansa ba.

Ranar da za ka koma Jos, kana ɗaure kekenka a bisa mota a tasha, ka ce mini wata ƙungiyar tseren keke ta ƙasar Maroko tana nemanka, kuma sun ba ka zuwa ƙarshen wanga wata ka ba su amsa. Ka ce Malam Isiyaku bai sani ba tukuna. Ka tambaye ni, "Baba, in zauna ko in tafi?" Ni kuma na ce Allah Ya zaɓa muna abin da ya fi alheri, mota ta tashi. Na san ka tafi kana jin kamar na kauce maka. Ban kauce ba. Maganar ta fi ƙarfin tasha, ga 'yan kabu-kabu ga masu lodin kaya, a waya kuwa rabin zance iska ke ɗauke shi. To ga amsata tun daga farko, don kada ka yi ta nemanta cikin dogon bayani: ka tafi. Sauran takardar dalilina ne, da yadda ake irin wagga tafiya.

Ka tashi ka san ni manomin albasa mai ɗingishi. Ka sha jin dattawa suna cewa na yi kokawa, amma ban taɓa zaunar da kai na gaya maka yadda ta ƙare ba. Yau zan gaya maka, don abin da ke gabanka na taɓa tsayawa a gabansa.

Ina saurayi mahaifina ya kai ni Gandi wurin Baba Dogo. Baba Dogo tsohon ɗan kokawa ne da ya tara samari a gidansa. Da damina mu yi masa noma, da kaka ya kai mu fage: Rabah, Goronyo, Taloka, duk inda anka kaɗa ganga. Shi ya koya mini tsayuwa da kamu, shi ya hana ni garaje. Wata shekara zazzaɓi ya kwantar da ni har anka fid da rai, mutumin nan da hannunsa ya riƙa ɗura mini kunu. Ba zan taɓa faɗin mugun abu a kansa ba.

A gidan akwai ɗansa na cikinsa, Sani. Shi ne zakaranmu. Shi makaɗa ke wa kirari, shi ke fita kamun ƙarshe. Ni aikina biyu ne. A gida in riƙa gwada shi kullum don ya kaifafa. A fage kuma in riga shi fita, in kama wanda ake tsoro daga wancan ɓangare, ko ban kayar da shi ba in shanye masa ƙarfi kafin ya kai ga Sani. Da ka fara kwatanta mini aikinka a ƙungiyarku, cewa kai ke shiga gaba ka tare wa zakaranku Tunde iska, kai ke komawa baya wurin mota ka ɗauko masa gorar ruwa, in tayarsa ta fashe ka ba shi taka don shi ne ake so ya ci, ka zaci ban gane ba don na yi shiru. Na gane sarai. Aikina ne kake yi, a bisa keke.

Kuma ba aikin kunya ba ne. Zakara bai taɓa cin fage shi kaɗai ba. Akwai mutanen da Allah Ya yi su don wannan, suna yi da zuciya ɗaya, in nasu ya ci su yi barci mai daɗi. Da kai irinsu ne, da na ce ka zauna inda kake, an san ka ka san su. Amma bari ka ji.

Wata safiya muna gwaji a rairayin bakin gulbi, na kama Sani, ban san sa'ad da na ɗaga shi na shimfiɗe shi rigingine ba. Baba Dogo yana zaune a kan buzunsa yana kallo. Sani ya tashi yana kakkaɓe ƙasa, idonsa ya yi ja. Ni kuwa sai tsoro ya kama ni kamar na yi sata. Na yi maza na ce, "Santsi ne, wurin nan da laima." Ba laima ko kaɗan. Baba Dogo ya ce a ci gaba. Daga ranar nan na koyi rage ƙarfi. In na ji Sani ya yi sauƙi a hannuna sai in sassauta. Na yi ta yin haka har jikina ya saba, har ya zama a fage ma, gaban baƙo, in na zo kayarwa sai in ji hannuna yana jinkiri da kansa.

Wannan shi ne kuskurena na farko, Bashar. Ƙarfin da kake dannewa kullum ba ajiye shi kake yi ba, koya masa kwanciya kake yi. Ranar da za ka neme shi sai ka iske ya saba.

Abin da ya sa na kawo maka wannan, kwanakin baya ina zaune a majalisarmu ta ƙofar gida, wani maƙwabcinmu ya zo da wayarsa ya ce, "Malam Mu'azu, ga Bashar ana nunawa." Munka haɗa kai muna kallo. Tseren nan ne na tudu mai tsawo. Na gan ka ka fita gaba, kana hawa, mutane suna zubewa a bayanka ɗaya bayan ɗaya, har ya zama ba kowa kusa da kai. Sai na ga ka waiwaya. Ka sake waiwayawa. Sannan ka sassauta ƙafa, ka jira Tunde ya iso, ka ja shi har kusa da ƙarshe, ka kauce masa ya wuce. 'Yan majalisa sunka yi ta murna ƙungiyarku ta ci. Ni ban iya murna ba, don da anka nuno fuskarka bayan ka sauka, na ga fuskar da na sani. Ka yi aikinka daidai, ban ce ka yi laifi ba. Amma kai ba ka cikin masu barci mai daɗi in wani ya ci.

Mu koma Gandi. Da kakar wata shekara munka tafi Goronyo, anka haɗa ni da wani ƙato da ya zo daga tsallaken iyaka, wanda anka ce ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. An tura ni ne don in gajiyar da shi. Allah Ya ba ni sa'a na kayar da shi. Bayan an watse, ina wanke ƙafa a bakin rijiya, wani dattijo mai suna Alhaji Bube ya same ni. Shi ne a lokacin yake tattara 'yan kokawa yana kai su Sakkwato, a ba su masauki da abinci da horo, a riƙa fita da su manyan fagage, har ƙetare.

Ya ce, "Yaro, kai na Mu'azu na gidan Dogo?"

Na ce, "Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ina son ka biyo ni. Can ba ɗan maigida, ba baƙo. Wanda ya kada wani shi ka fita gaba."

Ban ko yi tunani ba na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri. Mutumin da ya yi jinyata ba zan juya masa baya ba."

Ya dube ni ya ce, "Ka tambaye shi?"

Na ce, "Ba sai na tambaya ba."

Ya ce, "To, Allah shi kyauta," ya tafi abinsa.

Na koma gida ina jin kaina mutumin kirki. Ban gaya wa Baba Dogo ba. A raina na ce ai zai ji, kuma zai saka mini, zai fid da ni kamun ƙarshe. Da kaka ta zagayo na yi ƙarfin hali na tambaye shi, ya ce, "Baɗi in Allah Ya so." Baɗi ta zo, ya ce baɗi. Ba ƙarya yake yi mini ba, har zuciyarsa yana nufi. Amma Sani ɗansa ne, kuma Sani yana ci, mi zai sa ya canza?

Kai ma ka gaya mini Malam Isiyaku ya yi maka alkawarin zai sake ka ka nemi naka, ba sau ɗaya ba. Ban ce maƙaryaci ne ba. Tunde yana kan ganiyarsa, masu ɗaukar nauyin ƙungiya sunansa sunka sani, kuma babu mai horarwar da zai rushe abin da ke kawo masa nasara. In ka zauna, baɗi ma abin da za a yi ke nan, kuma ba wanda ya cuce ka. Sai dai ƙafar ɗan tsere kamar ruwan fadama ce, tana da lokacinta. Manomin da ya ce sai ya gama jin kunyar maƙwabci zai yi shuka, ƙasa busassa zai tarar.

Kuskure na gaba ya shafi innarka. Lokacin ba mu daɗe da aure ba. Ban gaya mata zancen Alhaji Bube ba, don a ganina maganar maza ce. Sai a wani gidan suna ta ji daga bakin wata mata. Da ta dawo ta aje mini tuwo, ta zauna nesa kaɗan ta ce, "Ashe an neme ka Sakkwato ka ƙi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wannan na tambaya ba. Kunyar da ka ji, kai kaɗai za ka ci tuwonta ko har da ni?"

Na yi fushi ranar, na ce ba ta san mutunci ba. Ta ce, "Ni ban ce ka tahi ba, ban ce ka zamna ba. Da dai ka tambaye ni." Ba ta sake ta da maganar ba har yau. Amma na lura tun daga nan, in abu ya dame ta sai ta daɗe ba ta kawo mini ba, kuma ni na koya mata hakan.

Don haka, kafin ka amsa wa kowa, ka kira Asma'u. Na lura ba ta san komi ba, ni kuma ban gaya mata ba, don ba daga bakina ya kamata ta ji ba. Ita za ta zauna nan Wurno watanni ba ta gan ka ba. Kada ka kira ta don ka sanar da ita abin da ka riga ka yanke. Ka tambaye ta, ka yi shiru ka ji. Yarinya ce mai hankali, kuma na ga yadda take tsayawa a ƙofa in ka fita gwaji hanyar Goronyo. Ina kyautata zaton za ta ce ka tafi, amma a bar ta ta faɗa da bakinta.

Sai zancen gwiwa. A Rabah na fara jin ta, wani ya taɗe ni na sauka a karkace. Ta kumbura. Ga shi saura kaɗan a yi babbar kokawa a Taloka, kuma a karon farko Sani ba shi da lafiya, Baba Dogo ya ce ni zan fita kamun ƙarshe. Abin da na yi shekaru ina jira ya zo a makon da ƙafata ta ƙi. Da na faɗa, da an ce in huta, ni kuwa na san in wagga dama ta wuce ba ta dawowa. Na ɗaure gwiwar da tsumma na sa wando a kai. Ranar kasuwar Gandi na sami wani mai tallar magani, ya ba ni wasu ƙwayoyi ya ce in na sha ko an sare ni ba zan ji ba. Gaskiya ya faɗa, ban ji ba. Na shiga fagen Taloka ina jin kaina kamar sabon ƙarfe. Munka kama, na sa ƙafar nan na dogara a kanta da dukkan nauyina da na abokin kamuna, sai ta yi ƙara ta tafi gefe. A kan ƙyauren ƙofa anka kwantar da ni anka fid da ni fagen. Ban sake shiga fage ba.

Ka ga yadda abu ke jan abu. Mutumin da ake ba dama a kai a kai ba ya sayar da ƙafarsa don rana ɗaya. Wanda ya daɗe yana jira shi ke yin haka. Ina tsoron ranar da Tunde zai faɗi ko ya yi rashin lafiya, a ce maka yau taka ce, kai kuwa kana da ciwon da ka ɓoye.

Duk inda kake, a Jos ko a Maroko, ciwo ba a ɓoye shi ga likita. Kuma duk wanda ya miƙo maka ƙwaya ko allura ko wani gari ya ce zai ƙara maka numfashi, ko abokinka ne ko babba ne a ƙungiya, in ba likitanku ya rubuta ya gaya maka sunansa ba, kada ya shiga jikinka. Kai da kanka ka ce mini ana auna jininku da fitsarinku, wanda anka kama a kore shi. To ko ba a aunawa, zafin ciwo ɗan aike ne. Na kashe ɗan aiken, saƙon ya iso duk da haka.

Bayan na warke na dawo Wurno na kama noma. Cikin samarin da sunka bi Alhaji Bube akwai wani Haruna na Taloka, wanda ban taɓa kamawa da shi ban kayar da shi ba. Ya zaga garuruwa, ya ci ya sha kaye, daga baya ya zama mai horar da yara. Bai yi arziki ba. Wani kuma da ya tafi tare da shi ya dawo ba ko tabarma. Don haka ba ina ce maka duk wanda ya tafi ya dace ba. Amma Haruna in muna hira yakan ce, "Wane ya fi ni, wane na fi shi," yana faɗa hankali kwance, don ya gwada ya gani. Ni ba ni da wannan. Na tsufa ban san iyakata ba. Ɗingishin bai dame ni kamar wannan ba.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe. Shekaru sunka wuce, har an haife ka kana gudu, na ji Baba Dogo ya tsufa ƙwarai, idonsa ya tafi. Ranar kasuwa na tafi Gandi da goro na iske shi a zaure. Ya gane muryata tun daga sallama. Munka gaisa, ya shafa gwiwata da hannunsa. Can ya ce, "Mu'azu, mi ya hana ka bin Bube?"

Na ce, "Baba, ashe ka sani?"

Ya ce, "Ni na turo ma shi. Gare ni ya fara zuwa. Nac ce mai ya tambaye ka, in ka yarda ban hana ka."

Na ce, "To Baba, mi ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya ce, "In ce ma mi? In ce tashi ka bar gidana? Sai ka ce na kore ka don ka kada Sani. Ai na gani ran nan bakin gulbi, ba santsi ba na. Na san ka fi shi. Amma ɗana na, ban iya aje shi in ɗauke ka. Na yi ta jira ka zo ka ce, Baba, zan tahi, in sa ma albarka. Ba ka zo ba."

Na ce, "Kunyarka na ji."

Ya ce, "Ni ma taka na ji. Ga shi ta ci mu duka."

Ban yi kuka a gabansa ba. Sai da na hau mota, muna wuce gonakin gero, na ja hula na rufe fuska. Ba a yi wata nawa ba ya rasu, Allah Ya jiƙansa.

Ban ce Malam Isiyaku shi ya turo maka mutanen Maroko ba, ban san wannan ba. Abin da na sani, mutumin da ya gan ka kana tsere da 'yan kabu-kabu a hanyar Wurno da buhun albasa a bayan tsohon kekena, ya tsaya da motarsa ya nemi gidanmu, ya fi kowa sanin abin da ke cikin ƙafarka. Shi ya kwana da kai a asibiti lokacin da ƙashin kafaɗarka ya karye, ya hana a cire sunanka daga ƙungiya har ka warke. Wannan alheri ne na gaske, kuma na san shi ke riƙe da kai. Amma kada ka yanke masa hukunci a zuciyarka kamar yadda na yi wa Baba Dogo. Butulu shi ne wanda ya sulale ba sallama, ko ya fita yana zagin gidan da ya ci. Wanda ya zo ya durƙusa ya ce lokacina ya yi, ba butulu ba ne.

To ga yadda nake so ka yi. Kafin ka sa hannu a komi, ka same shi ido da ido, ba a waya ba, ba a gaban sauran yara ba. Ka gaya masa an neme ka, kuma zuciyarka tana son tafiya. Kada ka ɗora laifi a kan Tunde, ba shi da laifi. Kada ka tsaya lissafa alkawuran da ba a cika ba. Mai yiwuwa ya yi fushi, ya ce abin da zai yi maka zafi. Ka yi shiru ka ɗauka, yana da hakkin wannan. In ya sake cewa baɗi, ka tambaye shi da ladabi wane tsere da wane tsere, kuma a sa a takarda. In ya kasa, kai da shi kun san gaskiya. Sauran tseren da ya rage muku bana kuwa, ka yi wa Tunde aiki fiye da yadda ka taɓa yi. Yadda mutum ya bar wuri shi ake tunawa, kuma duniyar kekenku ƙarama ce, za ku sake haɗuwa a hanya.

Su kuma waɗancan na Maroko, kada zaƙin baki ya sa ka saki reshe ka kama ganye. Ka ce mini takardarsu da Faransanci take. Ka sami wanda ya iya, wanda ba nasu ba, ya karanta maka ita kalma kalma. Abin da na fi so a duba shi ne mi za su yi ranar da ka faɗi ka karye, don kowa yana son ɗan tsere ranar da yake kan keke. Kuma ka nemi wanda ya taɓa zama da su ya bar su, ka tambaye shi. Wanda ke ciki ba zai faɗi aibin gida ba. In ka bincika ka iske mutanen banza ne, ka zauna, ba abin kunya, wasu za su zo tunda an fara ganinka. In kuwa ka iske masu amana ne, kada ka ƙara kwana kana juyayi.

Kada kuma ka zaci kana isa za a shimfiɗa maka darduma. Baƙo ne kai, ba ka jin harshensu, can ma za ka ɗauki gorar wani da farko. Ka ɗauka. Bambancin kawai, sun ce a tseren tudu za su sake ka, kuma don tudun sunka neme ka. Ranar da anka sake ka, kada ka waiwaya. Za ka ji wuyanka yana son juyawa don ya saba. Ka hana shi.

Sallarka kada ta kuɓuce maka don tafiya, addini ya yi wa matafiyi sauƙi, ka tambayi malamai yadda ake yi. Abincinsu in bai yi maka ba da farko ka daure ka ci, keke ba ya tafiya da marmarin tuwo. In kewa ta kama ka, ka kira gida ka faɗa, kada ka zauna da ita a ɗaki.

Abu na ƙarshe. Na san nauyin da ke kan zuciyarka game da Malam Isiyaku, kana ganin ko mi ka yi ba ka biya shi ba. Gaskiya ne, ba za ka biya ba, kuma ba kai ya kamata ka ɗauka kai kaɗai ba. Ni ya riƙe wa ɗa. Da zarar ka yi magana da shi ka sanar da ni. Ko ya karɓa da daɗi ko ya yi fushi, zan sa babbar rigata in hau mota in zo Jos da wagga gwiwa tawa, in zauna a gabansa in yi masa godiya da bakina, uba ga uba. In akwai sauran ɗaci a ransa, ni zan zauna har ya huce. Wannan aikina ne. Kai naka tuƙi.

Allah Ya yi maka albarka, Bashar. Allah Ya sa ka rabu da mutanen Jos lafiya, Ya haɗa ka da na kirki a inda za ka. Allah Ya tsare ƙashinka da numfashinka da imaninka, Ya kai ka lafiya Ya dawo muna da kai lafiya. Na yafe maka duniya da lahira, innarka ma ta ce in rubuta ta yafe.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Mu'azu
Wurno